Kirsimeti biyu a Masar: yadda muka yi hutun ƙarshen shekara da iyali

Duk wanda zai kai iyalinsa Masar hutun Kirsimeti, ya sani tun wuri cewa 25 ga Disamba ranar aiki ce a can. Bankuna a buɗe, ma'aikata a ofis, cunkoson motoci yana nan yadda yake kullum. Kirsimetin ƙasar sai 7 ga Janairu, domin mafi yawan Kiristocin Masar Kibɗawa ne 'yan Orthodox, kuma da tsohuwar kalandarsu suke lissafi, wadda ranar haihuwar Almasihu a cikinta take faɗawa kwana 13 bayan tamu. Ranar ce gwamnati ke ba da hutu tun shekarar 2003. Shi ya sa muka tsara tafiyarmu ta ƙarshen 2024 yadda za ta haɗa ranakun biyu: ni da uwargida, da yara uku, da mahaifiyata.

Biza ce ta fi cin lokaci. Mai fasfon Najeriya tun a gida yake nema, ta ofishin jakadancin Masar ko ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye, kuma kowane yaro da tasa takardar. Wanda ya bari sai Disamba ta kama, da kuɗin tikitinsa yake wasa. Sai katin allurar shawara, wanda dole a ce an yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. A Alkahira tun kafin mu kai ga masu buga fasfo aka tambaye mu shi. Mun riƙe takardun haihuwar yaran, mun kuma yi kofen fasfon kowa da yawa. Kofen nan sun yi rana daga baya.

Daga Abuja zuwa Alkahira awa biyar ne ko ɗan sama da haka, agogonsu kuma a lokacin sanyi yana gaban namu da awa ɗaya. A filin jirgin muka sayi layin waya da fasfo, muka canza kuɗi a banki. A lokacin dalar Amurka ɗaya fam 50 ce da ɗoriya a kuɗin Masar, kuma tun da aka saki farashin fam a watan Maris na 2024 'yan canjin bayan fage ba su da wata riba da za su ba ka, sai haɗari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne katin banki mai aiki a ƙasar waje, domin manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti. Na ga wani baƙo da damin fam a hannu yana roƙon wanda zai biya masa da kati.

A cikin gari Uber da Careem suna aiki, sun kuma raba mutum da cinikin tasi. Matsalarsu ɗaya: lambobin motoci da haruffa da alƙaluman Larabci aka rubuta su. Biyar ɗinsu da'ira ce, sifili kuma ɗigo. Wanda ya yi Islamiyya ba zai sha wahala ba, wanda bai yi ba ya haddace alƙaluman goma a cikin jirgi. Mu shida ne, mota ɗaya ba ta ɗaukarmu, sai mu kira biyu ko mu nemi babba.

Gida muka kama haya a unguwar Dokki maimakon otal. Manyan otal-otal a wannan makon suna ƙara farashi, wasunsu kuma suna ɗora maka kuɗin liyafar daren 24 da ta daren 31 ga Disamba ko ka je ko ba ka je ba, ga kashi 12 cikin 100 na hidima da kashi 14 na haraji da ake ƙarawa a kan kuɗin abinci. Amma gidan haya da nasa aibin, wato sanyi. Da rana Alkahira tana kai maki 20, da dare ta sauka kusa da 10. A takarda wannan bai fi hunturu ba, sai dai gidajen don zafi aka gina su: ƙasa tayil, tagogi ba sa rufuwa ruf, ba abin ɗumama ɗaki. Iskar kuma tana da danshi, sai sanyin ya shiga ƙashi. Kafin a biya kuɗin gida a tambaya ko na'urar sanyaya ɗaki tana ba da ɗumi, ko akwai hita, kuma bargo nawa ne. Mai gadin gidan ne ya samo mana hita da ƙarin barguna. Kusan kowane bene yana da irin wannan mai gadi, kuma wanda ya kyautata masa ba zai rasa mai sayo burodi da gas ba.

Wai babu alamar Kirsimeti a ƙasar Musulmi, wannan magana ba ta shafi Alkahira ba. A unguwannin Zamalek da Korba da manyan shaguna irin su City Stars, itatuwan Kirsimeti ne da fitilu da hulunan Baba Noel, kuma mafi yawan masu saye da masu ɗaukar hoto a gindinsu Musulmi ne, mata da hijabinsu. A wurinsu ado ne na sabuwar shekara. Ado dai ya cika gari, amma ba za ka ji ƙamshin soye-soye daga maƙwabta ba, ba wanda zai aiko maka da kwanon shinkafa da nama, ba kuma wanda za ka aika wa. Wannan shi ne abin da Mama ta fi jin rashinsa. Da rana ta yi ranar 25 ta ce, “Kai, yanzu haka za mu cinye abincin nan mu kaɗai?” Aka zuba aka kai wa mai gadi da iyalinsa, ba a jima ba kwanon ya dawo cike da lemo.

Sujadar safiyar ranar a babbar majami'ar Anglican ta All Saints da ke Zamalek muka yi, da Turanci. Katolika ma suna da majami'u a Zamalek da tsakiyar gari da Heliopolis masu bin 25 ga wata. A bincika lokacin sujada kwana ɗaya kafin ranar, domin hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, majami'u da yawa ranar Juma'a suke babban taronsu. Kowace majami'a da 'yan sanda a ƙofa, da shinge, da na'urar bincike, kuma ana iya neman fasfo. An tsaurara wannan ne bayan harin bam na Disamba 2016 a majami'ar Butrusiyya da hare-haren Tanta da Iskandariyya na 2017. A je da wuri, a bar babbar jaka a gida, kada kuma a ɗauki hoton jami'an tsaro ko shingensu. A ciki mun tarar da 'yan Sudan da Sudan ta Kudu da yawa, da Turawa, da 'yan Najeriya jefi-jefi.

Dalolin Giza mun ba su safiya guda. A isa da an buɗe ƙofa, a sayi tikiti a taga kaɗai, a kuma gama ciniki da mai raƙumi kafin yaro ya hau, har da kuɗin sauka. Yara suna samun rangwame, ƙanana sosai kuma kyauta.

Inda ya cancanci wuni cikakke shi ne Tsohuwar Alkahira. Jirgin ƙasa na cikin gari, layi na ɗaya, yana sauke mutum a tashar Mar Girgis, daidai bakin ƙofar unguwar. Tikiti a lokacin daga fam 8 zuwa 20 ne gwargwadon nisa, akwai kuma taragun mata zalla a tsakiyar jirgin, inda uwargida da Mama da 'yar autarmu suka samu sararin numfashi. Majami'ar farko ita ce Mu'allaƙa, wadda aka gina a saman ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa. Matakala 29 ake hawa, mai ciwon gwiwa ya hau a hankali. Akwai wani wuri a daɓen da aka sa gilashi, kana leƙawa ka ga ramin da ke ƙarƙashin ginin. Daga nan sai a bi wani lungu a gangara zuwa majami'ar Abu Serga. A ƙarƙashinta akwai ɗan kogo da rijiya, inda Kibɗawa suka gada kaka da kakanni cewa Yusufu da Maryamu da jariri Yesu sun zauna lokacin da suka gudo daga sarki Hirudus. Kogon ƙarami ne, layi ake bi, ba a barin mutum ya daɗe. Mun karanta wa yara Matiyu sura 2 daga aya 13 zuwa 15 kafin mu fito gida, shi ya sa da suka sauka ba su ɗauke shi rami kawai ba. Bayan majami'ar akwai wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, tafiyar 'yan mintuna kuma sai masallacin Amr ɗan As, wanda aka kafa wajen shekarar 641, masallaci na farko a Masar. Wanda yake da sauran ƙarfi ya ƙarasa gidan tarihin Fustat, inda aka mayar da gawarwakin fir'aunoni a 2021, ciki har da Ramsis na biyu.

Shiga masallatan ba wuya. A cire takalmi, mata su yafa gyale, a guji lokacin sallar Juma'a, a ba mai tsaron takalma ɗan canji. A masallacin Azhar, wanda sarakunan daular Faɗimawa suka gina a ƙarni na 10, wani ɗalibi ya ji uwargida tana tsawata wa yara da Hausa, ya matso ya durƙusa ya gaida Mama. “Mama, sannunku da zuwa, daga ina?” Da ya ji abin da ya kawo mu ya ce, “To barkanku da Kirsimeti, ai naku biyu ne bana.” Shi ya zagaya da mu, ya ba mu labarin ɓangaren da ɗaliban Borno suke zama a zamanin da, ya kuma raka mu kasuwar Khan al-Khalili. Da ya yi magana da Larabci, gyalen da aka sa wa uwargida farashi mai tsada ya dawo ƙasa da rabi. Mama ta ce, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.” Ɗalibai Hausawa suna da yawa a Alkahira, musamman wajen Madinat Nasr.

Ba kowa ne haka ba. Baƙar fata yana jan ido a wasu unguwanni, samari sukan jefo kalma, wasu kuma su nemi hoto da yara ba tare da tambaya ba. Ban da kallo da surutu ba abin da ya same mu, amma gara a faɗa wa yara tun a gida. Kuma ɗan yawon buɗe ido bai isa ya yanke hukunci kan zaman Kiristocin ƙasar daga abin da ya gani a Zamalek ba. A wasu ƙauyukan lardin Minya, kudu da Alkahira, an sha rikici a kan gina majami'a.

Abinci bai ba mu matsala ba, har ma lokacin ya taimaka. Kibɗawa suna azumin kwana 43 kafin Kirsimetinsu, daga 25 ga Nuwamba, ba nama ba madara ba ƙwai. Kwana 40 na shiri ne, ukun kuma na tunawa da labarin da suke bayarwa cewa dutsen Muƙaɗɗam da ke gefen Alkahira ya motsa saboda addu'a a zamanin halifa Mu'izz. A cikin wannan dutsen aka sassaƙa majami'ar Sam'an mai jima, wadda ke ɗaukar dubban mutane. Hanyarta ta cikin unguwar masu tattara shara take bi, ƙunci da wari, direbobi da yawa ba sa son shiga, don haka a shirya da wanda ya san wurin ya kuma yarda zai jira. Koshari shi ne abincin da ya rufa mana asiri: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da ake kira adas, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, sai ruwan tafarnuwa da yaji a gefe, kwano ɗaya bai kai dala biyu ba. Da safe wake ne da ake kira ful, da burodin gargajiya, da ta'amiyya, wadda ƙosai ce ta wani irin wake da ganye a ciki. Zoɓo suna shansa da zafi. Miyarsu ba yaji, don haka garin barkonon da uwargida ta ƙunso ya yi aiki. Ruwan sha na gora muka riƙa saye.

Bayan sabuwar shekara muka nufi Dutsen Sina'i. Tafiya ce ta sama da kilomita 400, kuma ba a yin ta da ka. Kamfanin da muka ɗauki mota a wurinsa ya karɓi kofen fasfonmu tun ana gobe tafiya don ya kai wa 'yan sandan yawon buɗe ido. Mun tashi da asuba. Babban shinge yana bakin ramin Ahmad Hamdi, wanda ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez: kowa ya sauko, a jera jakunkuna a ƙasa, kare ya shinshina, a duba fasfo ɗaya bayan ɗaya. Daga nan hanya ta bi gaɓar teku ta Ras Sudr da Abu Zenima, sannan ta karya cikin duwatsu ta kwarin Firan. Shingaye ba su ƙirguwa, kuma a kowanne tambaya ɗaya ce, 'yan wace ƙasa ne kuma su nawa. Direba ya miƙa takarda, a rubuta, a ɗaga ƙarfe. Ba wanda ya nemi na goro. A wani shingen an tsayar da mu har sai da motocin baƙi suka taru aka haɗa mu da rakiya, jiran da ya ci kusan awa ɗaya. Saboda haka tafiyar da taswira ke cewa awa shida, a ba ta takwas, a kuma riƙe abinci da ruwa a mota. Arewacin Sina'i ba wurin zuwan baƙi ba ne, kada direba ya ce zai yanke hanya.

Garin Sant Katrin, wanda daga shi ake hawan dutsen, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, a nan kuwa sanyi ba wasa ba ne, da dare yakan kai ga ƙanƙara. Garin duk gine-gine ake yi a lokacin, ƙura ko'ina. Ana fara hawan dutsen wajen ƙarfe 1 zuwa 2 na dare don a riski fitowar rana a ƙololuwa, mita 2,285. Dole ne a ɗauki ɗan jagora daga Larabawan ƙauyen, ƙabilar Jabaliyya. Hanyar raƙuma ita ce mai sauƙi, awa biyu da rabi zuwa uku, da rumfunan shayi a kan hanya. Raƙumi yana kai mutum wani wuri ne kawai, daga nan sai matakalar dutse kusan 750 da kowa zai taka da ƙafarsa, a cikin duhu, wani lokaci da santsi. Ɗaya hanyar, mai matakala 3,750, a bar wa masu ƙarfi, su ma a saukowa. Abin da ke kayar da mutane shi ne gumi: ka sa kaya masu nauyi tun daga ƙasa, ka jiƙe a hanya, ka isa sama ka zauna jiran rana cikin iska, sai jiki ya ɗauki ɓari. A sa riguna marasa nauyi a jere, a cire a hanya, a mayar a sama, a riƙe busasshiyar riga a jaka, da safar hannu da hular sanyi da tocila. A sama ana ba da hayar bargo, da tsabar kuɗi. Ni da manyan yaran biyu muka hau. Mama da uwargida da auta suka kwana a masauki, kuma a ganina yaron da bai kai shekara 10 ba, ko dattijo mai hawan jini, ba shi da abin yi a kan dutsen nan a watan Janairu.

Gidan sufayen Kirista da ke gindin dutsen da safe kawai ake buɗe shi, zuwa wajen tsakar rana, kuma yakan kasance a rufe ranakun Juma'a da Lahadi da ranakun idinsu. Wanda bai duba wannan ba zai iya yin tafiyar awa takwas ya ga bango. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya sa aka gina shi a ƙarni na 6. A ciki akwai ɗan kurmin da sufayen ke cewa shi ne wanda Musa ya gani yana ci da wuta, da rijiya, da masallaci na zamanin Faɗimawa dab da majami'a, hasumiya kusa da hasumiyar ƙararrawa. A ɗakin kayan tarihinsu akwai kofen takardar amana da suke dangantawa da Annabi Muhammadu, wadda ta ba sufayen kariya. Jabaliyya Musulmi ne, kuma su ne ma'aikatan gidan tun ƙarnuka.

Mun dawo Alkahira a kan lokacin daren 6 ga Janairu. Shugaban Kibɗawa, Fafaroma Tawadros na biyu, yana jagorantar sujadar daren a babbar majami'ar sabon birnin gwamnati, wadda aka buɗe a 2019, shugaba Sisi kuma yakan leƙa ya yi gaisuwa, al'adar da ya fara a 2015. Wannan da katin gayyata ake shiga, a talabijin ake kallo. Mu wata majami'ar unguwa muka je a Shubra, inda Kiristoci ke da yawa. An rufe titin, ba a barin mota ta tsaya kusa. 'Yan gari suna nuna katin shaida ko ɗan zanen gicciye da ke wuyan hannunsu, mu muka nuna fasfo. Maza gefe guda, mata gefe guda. Babu ganga, babu jita, babu rawa, sai kuge da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, da waƙa da harshen Kibɗanci da Larabci, da hayaƙin turare har ba ka ganin gaba sosai. Sujadar tana farawa da daddare ta kai wajen sha biyun dare, galibi a tsaye. Wanda ya saba da zumuntar mata da kiɗa zai ga abin da nauyi, yaranmu ma barci ya kwashe biyu. Jibin Ubangiji na 'yan Orthodox ne kaɗai, baƙo ya zauna a wurinsa. Amma akwai burodi mai tambarin gicciye da ake samu a bakin ƙofa, shi kowa yana iya ci. A nemi kujera kusa da ƙofa saboda yara, a kuma shirya da direba tun da wuri, don da an tashi kowa mota yake nema.

Da an fito sai buɗe-baki. Abincin daren fatta ne: gasasshen burodi a ƙasa, shinkafa a kai, a kwarara romo da tafarnuwa da ruwan tsami, a ɗora nama. Shi ne kuma abin da Musulmin ƙasar ke ci da babbar salla. Wani dattijo da ya zauna kusa da ni ya matsa sai mun bi shi gida. Da ya ga yara sun gaji ya haƙura, amma ya sa ɗansa ya kawo mana kwalin kahk, wani biskit mai garin sukari a kai da ake yi don idi. Washegari gari ya yi hutu, Musulmi da Kirista, yara da sababbin kaya da 'yan kuɗin barka da salla a hannu, bakin kogin Nilu cike da iyalai. Mun ɗauki jirgin ruwa mai filafilai na awa ɗaya kafin faɗuwar rana. Kuɗin jirgin gaba ɗaya ake ciniki, ba kan mutum ɗaya ba.

Tsayawa har 7 ga wata yana da farashinsa, domin makarantu sun riga sun koma, sai da muka nemi izini tun kafin hutu. A filin jirgin Alkahira a ba da awa uku cur: ana binciken kaya tun a ƙofar shiga, a sake wani a bakin jirgi, ruwan gorar da aka saya a ciki ma ana iya karɓe shi a bincike na biyu. Ragowar fam a kashe shi ko a canza kafin a wuce masu buga fasfo, don a gida da wuya a sami mai karɓa. Kahk kuma a jakar hannu ake sa shi, in ya shiga cikin manyan kaya gari zai iso.